Rabin aji kyauta ko kuɗin raino: wanne za mu mara wa baya a majalisar jiha?

Ranar Lahadi bayan La'asar muka zauna a ɗakin ƙasa na masallacinmu a nan Amurka, inda yara ke karatun Islamiyya, kowa ya jawo kujerar roba. Wata ƙungiyar masu fafutukar kula da yara ce ta aiko mana da takarda. Majalisar dokokin jiharmu za ta koma zama a watan Janairu, kuma akwai ƙudurori biyu da za a gabatar. Na farko yana neman a buɗe rabin aji kyauta ga duk yaron da ya cika shekara 4. Na biyu yana neman a ƙara kuɗin da gwamnati ke taimaka wa iyaye da shi wajen biyan gidan raino, tun daga jariri har ɗan shekara 5. Suna so mu zaɓi wanda za mu tsaya a kai, mu kuma turo mutum biyu su yi magana a gaban kwamiti.

Shugabanmu bai ɓata lokaci ba. "Malam Sakatare, ai wannan ba abin gardama ba ne. Makaranta ce fa. Wa zai ƙi ilimi kyauta?"

Wata ƙanwarmu da ke aikin kula da tsofaffi, wadda ta shigo da goyo a baya, ta ce, "Alhaji, a gafarce ni. Ni 'yata wata tara gare ta. Kafin ta kai shekara huɗun wa zai riƙe min ita?"

Aka yi shiru, sannan aka ce sakatare ya je ya bincika. Na bincika ɗin, kuma na ga bai kamata abin ya tsaya a littafin minitinmu ba, domin duk inda mutanenmu suke a Amurka, daga Bronx zuwa Greensboro, irin wannan takarda za ta iso su ko ba daɗe ko ba jima.

Dalilin da ya sa maganar ta koma hannun jihohi gajere ne. A 1971 majalisar tarayya ta amince da dokar da za ta kafa tsarin raino na ƙasa baki ɗaya, Shugaba Nixon ya hau kujerar na ƙi. Shekara 50 bayan nan, a 2021, wani babban ƙuduri mai ɗauke da kuɗin raino ya wuce majalisar wakilai ya mutu a ta dattawa. Dala biliyan 24 da aka raba wa gidajen raino lokacin korona don kada su rufe, wa'adinta ya cika ranar 30 ga Satumban 2023. Tun daga nan kowace jiha tashi ta fisshe ta. Amfanin hakan gare mu shi ne an riga an gwada hanyoyin duka biyu a wurare daban-daban, ba sai mun yi hasashe ba.

Bari in fara da zaɓin Alhaji, domin yana da hujja mai ƙarfi. Rabin aji shi ne abin da ya fi sauƙin samu a siyasar Amurka, har a jihohin da ba sa son jin kalmar haraji. Oklahoma ce babban misali. A 1998 wani ɗan majalisar jihar mai suna Joe Eddins ya kawo gyara kan yadda ake raba wa makarantu kuɗi, saboda wasu gundumomi suna cusa 'yan shekara 4 cikin ajin 'yan shekara 5 don su ƙara yawan ɗalibai su karɓi kuɗi. Cikin gyaran ya saka 'yan shekara 4 a lissafin kuɗin makaranta na dindindin, ya ɗora sharuɗɗa: malami sai mai digiri da shaidar koyar da ƙananan yara, albashinsa daidai da na sauran malaman gwamnati, aji kada ya wuce yara 20, babba ɗaya ga yara 10. Dabarar tana cikin inda ya ajiye kuɗin. Tunda an haɗe shi da kuɗin firamare, duk mai son yanke shi sai ya taɓa makarantun garinsu. Yau fiye da shekara 25 ke nan shirin na nan daram.

Georgia ta bi ta wata ƙofar. Gwamna Zell Miller ya yi yaƙin neman zaɓe da alƙawarin kafa cacar gwamnati a zuba ribarta cikin ilimi, jama'a suka amince a 1992, kuma a 1995 aka buɗe rabin aji ga kowane ɗan shekara 4 ba tare da duba samun iyayensa ba. Na san abin da ke ran mai karatu, don ni ma da na karanta sai da na ɗan gyara zama. Hukuncin sa yaro a ajin da ake biya da kuɗin caca na malamai ne, ba nawa ba. Abin da zan iya cewa a matsayina na sakatare shi ne, idan ƙudurin da aka kawo muku da caca ya dogara, ku sani tun wuri cewa da wuya ku cika mota da mutanen masallaci don mara masa baya. Florida kuwa jama'a ne suka tattara sa hannu suka saka maganar cikin kundin tsarin mulkin jihar a 2002, aka fara a 2005.

To amma kalmar "kyauta" tana da awo, kuma awon sa'o'i ne. Mai aikin sa'a 40 a mako, in ya yi mako 50, ya yi sa'a 2,000 a shekara, ban da zuwa da dawowa. Georgia tana ba da sa'a 6 da rabi a rana, kwana 180, wato sa'a 1,170. Florida tana ba da sa'a 540 a shekarar karatu, kusan sa'a 3 a rana. Ka kai yaro ƙarfe tara, kafin ka gama sauke fasinja na uku an kira ka ka zo ka ɗauke shi. Ragowar sa'o'in kai za ka biya, haka dogon hutun bazara. Wanda ke shiga aiki ƙarfe uku na rana ya fito sha ɗaya na dare, ko ƙanwarmu mai kwana a gidan tsofaffi, ba ya cikin lissafin ma sam.

Ta fuskar karatu ma ba kowane rabin aji ne ke haifar da ɗa mai ido ba. Masu bincike na Jami'ar Georgetown sun daɗe suna bin yaran birnin Tulsa na Oklahoma, sun ga ajin ya amfane su. Amma masu bincike na Jami'ar Vanderbilt da suka bi yaran shirin jihar Tennessee har aji shida sun fitar da sakamako a 2022 da ya girgiza masu fafutuka: yaran da suka shiga shirin sun kasa waɗanda ba su shiga ba a jarrabawa, kuma an fi hukunta su kan rashin ɗa'a. Har yanzu ana ja-in-ja kan dalili. Ni abin da na ɗauka shi ne sunan shiri ba ya koyar da yaro, malamin da ke ajin da abin da ake biyan sa su ne magana.

Akwai kuma wata illa da ban taɓa tunaninta ba sai da Hajiya ta buɗe baki. Hajiya ita ce ke riƙe yaran rabin jama'armu a gidanta, da lasisinta da komai, har da ɗan ƙaramin shinge a bakin matakala da na'urar kashe gobara a bangon kicin. Da na kai mata ɗana washegari na tambaye ta ra'ayinta, sai ta ce, "Ɗan nan, manyan yaran su ke ciyar da gidan nan. Jariri ɗaya aikin mutum guda ne, ba ka ajiye shi ka juya baya. In gwamnati ta kwashe 'yan shekara huɗu ta bar min jarirai, ko in ninka kuɗi ko in rufe." Gaskiya ta faɗa, kuma haka lissafin yake a manyan gidajen raino. A jihohi da yawa doka ba ta yarda babba ɗaya ya riƙe jarirai fiye da 4 ba, alhali yana iya kula da 'yan shekara 4 guda 10. Ɗakin jarirai asara ake yi a cikinsa, ɗakin manya ke toshe ramin. Saboda haka rabin ajin da aka tsare a makarantun gwamnati kaɗai yana iya sa rainon 'yar wata tara ya ƙara tsada. Georgia ta rage wannan matsala da ta bar gidajen raino masu zaman kansu su ma su gudanar da ajin a biya su. Wannan layi ɗaya a cikin ƙuduri ya fi dogon jawabin gabatarwarsa muhimmanci.

Yanzu zaɓi na biyu. Ba inda aka kai shi nesa kamar New Mexico, jihar da ta daɗe tana ƙasan jeri a kusan duk ƙididdigar walwalar yara. Tun lokacin da ta zama jiha a 1912 take da wani asusu da ake tara kuɗin filayen gwamnati a ciki, galibi na man fetur da iskar gas. Kusan kamar waƙafi yake: ba a cin uwar kuɗi, wani kaso ake cira duk shekara a ba makarantu. Masu fafutuka suka ce a ƙara abin da ake cira kaɗan a ba ƙananan yara. Sai dai hakan na bukatar gyaran kundin tsarin mulki, kuma a New Mexico jama'a ba su da ikon tattara sa hannu su kai magana akwatin zaɓe da kansu, dole ta bi ta majalisa. Wajen shekara 10 ana kai ƙudurin, ya wuce majalisar wakilai, ya je kwamitin kuɗi na majalisar dattawa ya kwanta. Shugaban kwamitin, Sanata John Arthur Smith, ya tsaya kan cewa taɓa asusun cin amanar jikoki ne. Hujjarsa ba ta banza ba ce, amma ko sauraron ƙudurin ba ya cika bari a yi.

Da kamun ƙafa ya ƙi ci, sai masu raino da iyaye, yawancinsu mata masu jin Sifaniyanci, suka koma ƙwanƙwasa ƙofofi a mazaɓu. A zaɓen fidda gwani na Yunin 2020 Smith ya faɗi, tare da wasu sanatocin da ke bayansa. A 2021 majalisa ta amince, a Nuwamban 2022 kusan kashi 70 cikin 100 na masu zaɓe suka ce e: a ƙara cire kashi 1.25 cikin 100 duk shekara, kashi 60 na wannan ƙari ya tafi ga ƙananan yara. A gefe guda, a 2020 jihar ta kafa ma'aikata sukutum ta ƙananan yara, ta kuma buɗe wani asusun da kimanin dala miliyan 300 wanda rarar kuɗin mai ke kwarara cikinsa, har ya kai kusan dala biliyan 10 a 2025. A 2022 aka yafe wa iyaye nasu kason na kuɗin raino, ga duk iyalin da samunsu bai wuce ninki 4 na ma'aunin talauci ba, wato dala 111,000 ga gida mai mutum 4 a lokacin. Daga 1 ga Nuwamban 2025 Gwamna Michelle Lujan Grisham ta cire iyakar samun gaba ɗaya.

Kafin kowa ya fara haɗa kaya zuwa birnin Albuquerque na New Mexico, abu biyu. Gwamnati ta ɗauke maka biya, amma ba ta haifar maka da gurbi ba. Jihar da kanta ta ce tana bukatar ƙarin ma'aikatan raino kusan 5,000, kuma gurbin jarirai shi ya fi wuya. Na biyu, rijiyar mai ce ke ɗauke da wannan kaya, kuma mu da muka taso a Najeriya ko Nijar ba sai an yi mana bayanin abin da ke faruwa da kasafin kuɗi ranar da farashin ganga ya faɗi ba. Hikimar su ita ce ba su kashe rarar nan take ba, sun mayar da ita jari.

Jihar da ba ta da mai fa? Nan Vermont ta shigo, kuma ita ce ta fi kama da halin da yawancinmu ke ciki. Wata ƙungiya mai suna Let's Grow Kids ta ɗiba wa kanta wa'adin shekara 10, ta yi ta tara iyaye, ta kuma jawo masu kamfanoni da ke kukan ba sa samun ma'aikata saboda iyaye mata na zaune a gida. A 2023 majalisa ta zartar da dokar da ake kira Act 76. Gwamna Phil Scott ya ƙi sa hannu saboda harajin da ke ciki, majalisa ta tara kashi biyu cikin uku ta tsallake shi a watan Yuni. Harajin kashi 0.44 cikin 100 ne na albashi, ya fara aiki 1 ga Yulin 2024. A kowace dala 1,000 ana cire dala 4 da santi 40, kuma aƙalla kashi uku cikin huɗu mai kamfani ne ke biya, abin da zai hau kan ma'aikaci bai wuce dala 1 da santi 10 ba. Da wannan ake sa ran kimanin dala miliyan 125 a shekara. Aka ƙara abin da ake biyan gidajen raino, aka kuma ɗaga iyakar samun tallafi zuwa kashi 575 cikin 100 na ma'aunin talauci, wato dala 179,400 ga gida mai mutum 4 a 2024. Ba kyauta ba ce ga kowa, mai samu da yawa yana biyan kaso mai tsoka. Amma ta kashe wani mugun tarko da mutanenmu suka sani sarai: a ƙara maka dala ɗaya a sa'a, ka haye iyaka, tallafin ɗaruruwan daloli ya yanke, har ka gwammace ka ce wa manaja ya riƙe ƙarinsa. Abin lura, Vermont tana da nata rabin ajin tun dokar 2014, sa'a 10 a mako na mako 35. Sa'a 350 ke nan. Da ya wadatar, da ba su sake shekara tara suna fama ba.

Akwai ƙananan hanyoyi da za a iya kawo muku a matsayin sasanci. Michigan ta fara wani karo-karo a 2021: kuɗin raino a raba uku, ma'aikaci da mai kamfani da jiha. Yana da daɗin ji, amma sai kamfaninka ya ga dama ya shiga, kuma direban tasi ko mai kitso ba shi da kamfanin da zai ɗauki kaso. Iowa a 2022 ta ƙara yawan yaran da babba ɗaya zai riƙe, ta kuma yarda 'yan shekara 16 su kula da yaran da suka isa makaranta ba babba a kansu. Wannan ba ya cin gwamnati ko sisi, shi ya sa ake son sa, kuma ni ba zan hau mota in je in roƙe shi ba.

Wadda ta burge ni ita ce dabarar Kentucky. Sun lura azuzuwa na rufe a gidajen raino ba don babu yara ba, sai don ma'aikata sun gudu manyan kantuna da rumbunan kaya inda albashi ya fi. A Oktoban 2022 suka ce duk mai aiki a gidan raino aƙalla sa'a 20 a mako, gwamnati za ta biya rainon nasa yaran, ko nawa ne samun gidansu. Uwa ɗaya ta dawo aiki, ɗaki guda ya buɗe wa yaran wasu. Jihohi irin su Iowa da Rhode Island sun kwaikwaya. Ga jama'ar da mata da yawa ke wannan sana'a, wannan riba biyu ce, kuma 'yan majalisar kowane ɓangare suna iya haɗiye ta.

To wanne? Idan yawancin mutanenku aikin ofis suke yi daga safe zuwa yamma, yaransu sun fara tasawa, kuma jiharku ba ta da rabin aji ko kaɗan, ku bi Alhaji. Za ku fi saurin ganin sakamako, kuma ga yaron da Hausa ko Zabarmanci kawai yake ji a gida, shekara guda a aji kafin firamare ba ƙaramin abu ba ce. Sai dai ku nace a rubuta cewa yini ne cikakke, a kuma bar gidajen raino irin na Hajiya su shiga.

Mu dai da na ƙirga gidajenmu, masu aikin dare da na ƙarshen mako sun fi yawa, kuma yaran da ba su kai shekara 3 ba sun fi 'yan shekara 4. Don haka shawarar da na kai wa shugabanni ita ce mu tsaya kan ƙudurin raino, da sharaɗin mu karanta shi da idon mai sayen akuya. Abu na farko da na nema a ciki shi ne inda kuɗin zai fito. In an rubuta cewa sai abin da majalisa ta ware kowace shekara, to alƙawari ne kawai, shekarar da aljihu ya yi zafi a mayar da iyaye layin jira. Oklahoma da New Mexico da Vermont hanyoyinsu sun sha bamban, amma kowacce ta ɗaure kuɗin a wurin da kwance shi ke da wuya. Sai kuma wa za a biya. Dokar tarayya ta bar wa jihohi damar biyan kaka ko gwaggo ko maƙwabciya da ke riƙon yaro, amma wasu jihohin abin da suke biyan su bai taka kara ya karya ba, kuma ƙarfe biyun dare ba cibiyar da ke buɗe sai gidan irin waɗannan. Mun kuma roƙi masu ƙudurin su saka dabarar Kentucky a ciki, domin in babban ya makale a kwamitin kuɗi, a samu ƙaramin da zai tsira.

Na gaya wa Alhaji kada ya sa rai a gama a zama ɗaya. Majalisun jihohi da yawa ba sa daɗewa: Georgia kwana 40 take zama, New Mexico kwana 60 a shekara guda, 30 a mai bi mata, Texas kuwa sau ɗaya a shekara biyu. Ƙudurin da bai fita daga kwamiti da wuri ba sai baɗi. Na kuma ja kunnen kowa kan abu ɗaya: wanda bai zama ɗan ƙasa ba kada ya kuskura ya yi rajistar zaɓe ko ya sa hannu a takardar da aka ce ta masu zaɓe ce, komai daɗin bakin wanda ya miƙo ta, domin hakan na iya lalata masa takardu. Magana a gaban kwamiti kuwa, ko rubuta wa ɗan majalisar unguwarku, wannan ba a tambayar fasfo.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya shafa gemu, ya ce shi dai har yanzu yana ganin makaranta ta fi, amma jama'a ta rinjaye shi. An tsayar da ƙanwarmu mai goyo da Hajiya su yi magana, minti biyu kowacce, ni zan yi wa Hajiya tafinta. Mota za ta tashi daga bakin masallaci ƙarfe shida na safe. Abin da ya rage a ajandar Lahadi mai zuwa shi ne wanda zai riƙe yara shida na gidan Hajiya a ranar, don har yanzu ba wanda ya ɗaga hannu.